Zakaran Da Muka Sayo A Pitowa

Akwai wata magana da muka daɗe muna riƙe da ita a ciki muna jin kunyar fito da ita, to amma da yake kaka ta yi, hunturu kuma ya kusa sauka, mun ga gara mu faɗe ta ko wani ya tsira daga abin da mu ba mu tsira ba. Maganar kaji ce. Mun sani wani zai ce duk abubuwan da ke damun Hausawan ƙasar nan a rasa abin da za a cika shafi da shi sai kaza? Mai wannan magana ya shiga cikin gida ya tambayi matarsa ko mahaifiyarsa inda kuɗin sabulu ke fitowa ranar da ya fita bai bar komai ba, da kuɗin littafin yaro in an koro shi daga lekol, da abin da ake kai wa maijego ranar barka. Kaza ita ce asusun mata a gidajenmu, kowace shekara kuwa muna zaune annoba take zuwa ta fasa asusun nan, mu ce iska ce, mu yi shiru.

Gidanmu yana Rumde Ajiya a nan Garwa, ba nisa da filin ƙwallo. Kowa ya tuna watan Janairu na 2022, lokacin da aka yi gasar cin kofin ƙasashen Afirka a Kamaru, aka ajiye 'yan wasan Nijeriya a garinmu. Unguwa ta cika maƙil da baƙi, mu ma muka sami rabonmu, domin 'yan'uwa sun zo mana daga Yola, wasu har daga Kano. A lokacin uwargida tana da kaji 17 da agwagi 2, amma yawancinsu masu ƙwai ne, wasu kuma suna kwanci, saboda haka ta ce: “Malam, kada a taɓa mini waɗannan, a sayo na yanka a waje.” Kaji sun yi tsada a cikin gari saboda baƙi, don haka ranar Lahadi 9 ga wata muka hau babur muka nufi kasuwar Pitowa.

A bakin kasuwa muka tarar da wani mutum da zakaru uku ɗaure a bayan keke. Muka taya, ya sallama nan take, ko jan ciniki bai yi ba. Muka dawo gida muna yabon kanmu mun iya kasuwa. Aka yanka biyu aka yi wa baƙi dahuwa. Na ukun wani ja ne mai dogon wutsiya, kyakkyawa ƙwarai, uwargida ta ce a bar shi ya zama na iri. A yammacin nan muka kwance masa ƙafa muka sake shi a tsakar gida, ya tafi kai tsaye ya sha ruwa a kaskon da sauran kaji ke sha.

Ranar Talata Nijeriya ta ci Masar 1 da nema, gida ya kaure da murna, zakara kuwa yana ta cara abinsa. Ranar Asabar 15 ga wata, watau ranar wasa da Sudan, muka tashi muka gan shi a gindin bango ya takure, ya saki fukafukai, idonsa a lumshe, yana buɗe baki yana jan numfashi da ƙyar. Muka yi masa abin da muka gada. Aka daka barkono aka zuba a ruwa, aka jiƙa ɓawon maɗaci, aka nemo gautan kaji, sa'an nan aka aiki yaro ya sayo kafso mai ja da rawaya aka farke aka barbaɗa a kaskon. Ranar Litinin ya mutu. Muka kama ƙafarsa muka wulla a jujin bayan gida, muka ce Allah ya mayar da alheri.

Ashe somin taɓi ne. Daga ranar Alhamis kaji suka fara takurewa ɗaya bayan ɗaya. Sun daina cin tsaba, suna zawo kore, masu ƙwai suka tsaya cik, wata kuma wuyanta ya murɗe har tana kallon sama tana zagaye wuri ɗaya kamar mai hajijiya. Uku suka mutu kafin Lahadi. A daren Lahadi 23 ga wata Tunisiya ta fitar da Nijeriya a filin nan na unguwarmu, baƙinmu suka dawo ba mai magana da wani. Da asuba uwargida ta buɗe akurki ta tarar da shida a kwance sun sandare. Baƙi na jimamin ƙwallo a zaure, ita kuwa tana tsaye a bakin akurki da tsintsiya a hannu, ta kasa cewa komai.

A nan ne muka yi abin da ya sa muka ce muna jin kunya. Biyu da suka fara layi muka sa musu wuƙa kafin su zama mushe, aka fige, aka watsar da gashi da kayan ciki a juji. Biyar da muka ga har yanzu suna kiwo da ƙarfinsu muka ɗaure muka kai kasuwa. Wani ya taya, muka sallama nan take. Sai da muka sa kuɗin a aljihu muka juya, sa'an nan mutumin Pitowa ya faɗo mana a rai, muka gane abin da ya hana shi jan ciniki. Kaza ɗaya ce ta rage a gidan, ta warke da karkataccen wuya. Agwagin nan biyu ko gezau ba su yi ba.

Bayan gidanmu akwai wata dattijuwa da duk unguwa ke kira Goggo. Mijinta ya rasu da daɗewa, tana riƙon jikoki uku, ba ta da wata sana'a sai ƙosai da kiwon kaji. Kajinta sun kai 30, a jujin nan kuwa suke yini suna tono. Ita ce ta fara shigowa yi wa uwargida jaje, ta ce: “'Yar nan, ki yi haƙuri, iskar bana ce ba ta da kyau.” Kafin mako biyu iskar ta shiga gidanta, ta bar mata kaji biyu kacal. Da su ta yi niyyar biyan kuɗin jarrabawar babbar jikarta, sai da ta buɗe adaka ta fitar da zannuwanta biyu ta sayar. Mun ji labari, mun je mun yi mata jaje kamar yadda ta yi mana, ba mu ce uffan game da jan zakara ba.

Bayan wata guda muka haɗu da wani saurayi ma'aikacin lafiyar dabbobi a wurin suna, hira ta kawo hira muka ba shi labari. Ya saurara har muka gama, sa'an nan ya ce: “Baba, ba iska ce ta kashe muku kaji ba, a bayan babur kuka ɗauko abin.” Abin da ya bayyana mana a ranar, da abin da muka ƙara bincikowa daga baya, shi ne muke so mu isar ga masu karatu.

Alamun da muka gani sun yi daidai da cutar da likitocin dabbobi ke kira Niyukasil, mu kuwa a gida annobar kaji kawai muke ce mata. An fara gane ta a 1926 a tsibirin Jawa na ƙasar Indonesiya da kuma wani gari mai suna Niyukasil a Ingila, daga nan ta samo sunanta. Ƙwayar bairos ce ke kawo ta, shi ya sa kafso ba ya yi mata komai, domin an yi shi ne don wasu ƙwayoyin cuta dabam. Barkono da maɗaci ma haka. Ba ta da magani in ta riga ta shiga, in kuwa mai zafin ce ta faɗa garken da ba a yi wa rigakafi ba, tana iya share shi ƙaf. Mugun halinta shi ne tana ɓuya. Daga ranar da kaza ta ɗauka zuwa ranar da za ta nuna alama yakan ɗauki kwana 2 zuwa 15, galibi kwana 5 ko 6. Zakaranmu ya yi kwana shida cif yana cara da cutar a jikinsa. Kajin nan biyar da muka sayar su ma da ƙarfinsu muka miƙa su.

Ƙwayar tana fita ta kashin kaza da majinarta da yawunta. Tana bin kaskon ruwa, da kwandon da aka ɗauko kaji a ciki, da tafin takalmi, da gashin da aka fige aka watsar, da mushen da kare ya ja daga wannan juji zuwa wancan. Tana kama zabi da tantabaru, agwagwa kuwa takan ɗauke ta ta yi ta yawo da ita ba tare da ta kwanta ba. Abin da ya sa muka fi ganinta da hunturu ba ɓoyayye ba ne. Ƙwayar ta fi daɗewa a raye cikin sanyi, an gama girbi kaji sun bazu suna cuɗanya, ga kuma cinikin Kirsimati da sabuwar shekara da ke kwaso kaji daga ƙauyuka ana gwamutsa su a kasuwa ɗaya. Duk wanda ya ga nasa sun fara mutuwa sai ya yi maza ya kai ragowar kasuwa, kamar yadda mutumin Pitowa ya yi, kamar yadda mu ma muka yi.

Saurayin nan ya ja kunnenmu a kan wani abu kuma. Ya ce akwai murar tsuntsaye, wadda alamunta suka yi kama da na Niyukasil har ido ba ya iya rarrabe su, sai an kai ɗakin bincike. Ita kuwa tana iya kama mutum ta kashe. Manyanmu sun tuna 2006, lokacin da ta ɓulla a wata gona a Jaji ta jihar Kaduna a watan Fabrairu, ta bayyana a Magariya ta Nijar a watan, sa'an nan a watan Maris aka same ta a jikin agwagi a Marwa. A 2016 ta kashe dubban kaji a Yawunde har aka rufe kasuwannin kaji, a watan Fabrairu na 2022 kuma, watau kwanaki kaɗan bayan abin da ya same mu, aka tabbatar da ita a yankin Yamma. Muka tuna yadda yara suka zauna suka fige kajin nan biyu da hannunsu, jikinmu ya yi sanyi. Duk lokacin da kaji suka soma zubewa haka, a daina yanka marasa lafiya, a sanar da ofishin likitan dabbobi mafi kusa, mushe kuma a haƙa rami mai zurfi a binne ko a ƙone.

Muka ce to, tun da ba magani, sai haƙuri ke nan? Ya yi dariya ya ce: “Baba, kun san Bokle?” Muka ce wa bai san Bokle ba, in ka haye gadar Binuwai ka kama hanyar Ngaundare ai ga ta nan, ko kilomita 20 ba a yi ba. Ya ce to a nan ne babbar cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa take, wadda ake kira LANAVET, tun 1983 aka kafa ta, cikin abubuwan da take sarrafawa kuwa har da rigakafin wannan cuta. Kai jama'a, mun ji kunya. Shekara da shekaru muna wucewa ta wurin, shekara da shekaru muna kwasar mushen kaji, ba mu taɓa haɗa biyun a zuciyarmu ba.

Rigakafin iri biyu ne, akwai na ɗigawa a ido ko a hanci, akwai na allura. Na ido ɗigo ɗaya ake yi wa kowace kaza, babba da ɗan tsako, a maimaita bayan wata 3 ko 4. Akwai ma wani iri mai suna I-2 da masana na jami'ar Kwinsland a Ostireliya suka fitar musamman don kajin ƙauye, domin ya fi jure zafi, cibiyar Vom ta jihar Filato a Nijeriya tana yin sa. Rigakafi yana bukatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya kama jiki, kuma lafiyayyar kaza ake yi wa. Wanda ya bari sai annoba ta shigo unguwa sa'an nan ya nemi likita, ya yi ihu bayan hari. Daga nan ne ma maganar nan ta samo asali da wasu ke cewa allura ce ke kashe kaji, alhali kuwa kajin sun riga sun ɗauki cutar kafin a yi musu.

Mun zauna mun tambayi kanmu, me ya hana mu tun tuni? Maƙwabtanmu Fulani ba sa wasa da allurar shanu. Da rigakafi aka yaƙi bushiya, wadda ta yi wa shanun yankin nan ɓarna a 1983, har aka yi shelar ƙarewarta a duniya baki ɗaya a 2011. Saniya dukiyar namiji ce, shi ke fita, shi ke jin sanarwa, shi ya san ƙofar ofis. Kaza kuwa ta mace ce, macen tana cikin gida, takardar da ke jikin kwalba da Faransanci aka rubuta ta, maigida kuma yana ganin ya fi ƙarfin ya tsaya gaban likita a kan kaza goma. Bugu da ƙari kwalba ɗaya ta kaji 100 ce ko fiye, tana son sanyi, in an haɗa ta da ruwa kuma ba a ajiye ta. Mai kaza goma ba zai saye ta shi kaɗai ba. Ko da ya saya ma, kajinsa da na maƙwabta juji ɗaya suke tono. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Saboda haka a watan Oktoba na 2022 muka sami mai unguwa muka gaya masa nufinmu, muka bi gida gida. Gidaje 14 suka yarda, aka ƙidaya kaji, kowa ya ba da ɗan abin da ya hau kansa, wanda a kan kowace kaza bai kai kuɗin ƙwai ɗaya ba. Aka gaya wa mata kada a buɗe akurki da safe. Saurayin nan ya zo da kwalba cikin fulas da ƙanƙara tun kafin rana ta fito. Da yake gidajenmu ba a shiga, sai ya koya wa 'yarmu da wata ƙawarta yadda ake riƙe kaza a karkata kanta a ɗiga, a jira ɗigon ya shige kafin a sake ta. Su suka shiga ɗaki ɗaki, mu muna zaure muna rubuta lissafi. Kafin hantsi an gama. Muka kuma yi alkawari tsakaninmu cewa duk kazar da aka sayo ko aka kawo kyauta za a kife ta ita kaɗai a gefe mako biyu zuwa uku, da kaskonta dabam, kafin ta shiga cikin sauran.

Ba za mu ce muku daga ranar kaza ba ta sake mutuwa a Rumde Ajiya ba. Annoba ta zo a hunturun nan kamar yadda ta saba. Gidaje biyu da suka ce ba ruwansu sun yi asara mai yawa. Mu ma mun rasa 'yan tsaki da aka ƙyanƙyashe bayan an yi ɗigon, domin mun yi sakaci da zagaye na biyu, kuma rigakafin Niyukasil ba ya hana sauran cututtukan kaji, balle shirwa da muzuru. Amma manyan kajin gidajen nan 14 sun ga damina, abin da uwargida ta ce rabonta da gani tun tana amarya. Tun daga lokacin sau uku muke yi a shekara, na kaka kuwa shi ne ba ma yarda ya wuce mu.

Saura maganar Goggo. Ranar da aka zo ɗigo gidanta, muka tsaya a ƙofa muka yi sallama, muka ce akwai abin da muke so ta yafe mana. Muka ba ta labarin jan zakara tun daga Pitowa har juji. Ta yi shiru tana juya ƙosai, can ta ce: “Malam, ai na gan shi a jujin tun ranar, na kuma san daga gidan da ya fito. Me zan ce maka? Ni ma na taɓa kai marasa lafiya kasuwa.” Uwargida ta aika mata da budurwar kaza biyu daga cikin waɗanda aka yi wa ɗigo, ta karɓa ta sa albarka. Zannuwanta dai sun tafi. Kajin nan biyar da muka sayar kuwa, har yau in muka bi ta layin masu kaji sai mu tuna cewa wani gida suka shiga, wataƙila gidan wata Goggon, wadda ba mu da hanyar zuwa mu nemi gafararta.

Don haka 'yan'uwa na Garwa da Marwa da Ngaundare, da na unguwannin Hausawa a Yawunde da Duwala, roƙonmu ɗaya ne. Wanda ya karanta wannan shafi ya shiga ciki ya karanta wa matan gida, domin su ne masu kajin. Sa'an nan ya ƙidaya na gidansa, ya leƙa maƙwabta huɗu ko biyar su ƙidaya nasu, in sun kai 100 a tafi wurin likitan dabbobi tun kafin ƙura ta taso. In kuma an je kasuwa aka ga mai kaji ya sallama ba ciniki, a riƙe kuɗi a wuce gaba. Allah ya tsare mana ɗan abin da muke da shi. Wassalam.